Hasken da ke ratsa samaniyar Tahoua ba baƙin wata duniya ba ne

An daɗe ana cewa hasken da ke tafiya a sama bayan magariba jirgin baƙin wata duniya ne. Yawanci tauraron ɗan'adam ne: rana ce ke haska shi, da ya shiga inuwar duniya sai ya ɓace. Masu jerin gwano kuwa na Starlink ne, wato taurarin ɗan'adam masu samar da intanet.

Ba wai an tabbatar babu masu hankali a can ba, tunda an gano duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurari. Nisan ne abin tsoro. Kumbon Voyager 1, mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa, sai ya haura shekara 70,000 kafin ya cim ma nisan Proxima Centauri, tauraro mafi kusa bayan rana. Tun 1960 masana ke kasa kunne da na'urorin rediyo ko za su ji saƙo daga wata duniya, har yau shiru.