Zanen dawakin sukuwa a Ingila

Zanen dawakin sukuwa wani reshe ne na fasahar zane da ya bunƙasa a Ingila a ƙarni na 18, zamanin da sarakuna da attajirai suka dukufa kan kiwon irin dawakin tsere da ake kira Thoroughbred. Babu kyamara a lokacin. Mai ingarma da ya ci gasa sai ya kira mai zane ya ajiye masa kamannin dokinsa a rataye a zaure, galibi a rubuta sunan dokin da gasar da ya ci. Ta haka zanen ya zama shaidar asalin doki, ba ado kaɗai ba.

Duk dokin wannan iri, idan aka bi jininsa ta wajen uba, ana tuƙewa ne ga ingarmu uku da aka kawo daga Gabas. Byerley Turk dokin yaƙin Kyaftin Robert Byerley ne. Darley Arabian kuwa Thomas Darley ya saye shi a Halab ta ƙasar Siriya, ya iso Ingila a 1704. Na ukun, Godolphin Arabian, ya biyo ta Faransa, ya mutu a 1753; akan zana shi da kyanwar da ta shaƙu da shi a barga. Goɗiyoyin da aka haɗa su da su ba su sami irin wannan suna ba, duk da cewa rabin jinin nasu ne. A 1791 James Weatherby ya fara fitar da kundin asalin dawaki, General Stud Book.

Masu zane na farko, irin John Wootton da James Seymour, sukan tsayar da doki a gefe, sandar-sandar, ɗan barga riƙe da linzami. In doki na gudu, sai su miƙe masa ƙafafu huɗu gaba da baya kamar yana tashi sama. Sai a 1878 hotunan Eadweard Muybridge suka nuna doki ba ya sukuwa haka.

George Stubbs (1724–1806), ɗan Liverpool, shi ya sauya salon. Ya kwashe kimanin wata 18 a wani gidan gona a ƙauyen Horkstow yana feɗe gawar dawaki, yana rataye su da ƙugiya, yana zana tsoka da jijiya da ƙashi, mataki-mataki. Aikin ya fito a littafinsa na 1766 kan ƙirar jikin doki. Fitaccen zanensa shi ne na Whistlejacket, jikan Godolphin, wanda ya yi wa wani basarake, Marquess na Rockingham, wajen 1762. Tsayin zanen ya kusa mita 3. Jan doki ne mai farar geza, ya ɗaga ƙafafun gaba, ya waigo da ido ɗaya. Babu sirdi, babu mahayi, babu komai a bayansa sai fili. Gidan adana zane na National Gallery da ke Landan ya sayi zanen a 1997 kan fam miliyan 11.

Stubbs ya kuma zana wani doki mai suna Eclipse, wato kusufi a Turance, wanda aka haifa a 1764, shekarar kusufin ranar da ya ci sunansa. Ya shiga tsere 18 ba a taɓa cin sa ba. Jinin Darley Arabian ne, kuma ta wajensa ne mafi yawan dawakin tsere na yau suka fito.