Man kariyar rana mai zink oksayid: ga amsoshin tambayoyinku

Kusan kullum sai wani ya tsaya a gaban kantina ya yi min waɗannan tambayoyin. Na tara su wuri guda, a karanta.

Mu baƙaƙen fata ma muna buƙatarsa?

Ƙwarai kuwa. Baƙar fata tana rage ƙunar rana ne, ba ta hana ta. Tabon ƙuraje da baƙin nan da ke fitowa mata a kumatu lokacin goyon ciki, rana ce ke ƙara musu duhu.

Mene ne shi?

Farin garin ma'adini ne da ke zama a kan fata, yana tare hasken UVB mai ƙona ta da UVA mai tsofar da ita. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa shi cikin sinadarai biyu kacal da ta ce ta gamsu da amincinsu. Ku nemi mai SPF 30 ko sama, wato lambar da ke jikin man mai nuna ƙarfin kariyarsa. SPF 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na UVB.

Zai sa ni fari?

A'a. Ba man bilicin ba ne. Ke kuma 'yar'uwa da kike bilicin, fatarki ta riga ta yi rauni, kin fi kowa buƙatarsa. Ki daina wancan, ki riƙe wannan.

Na shafa na koma toka-toka!

Haka yake yi wa baƙar fata, ba jabu aka sayar miki ba. Ki nemi mai launin hoda, ki shafa kaɗan-kaɗan sau biyu. Amma kada ki rage yawansa: layi biyu ne na man, a matsa tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya, na fuska da wuya.

Man ƙurajen famfas ma akwai zink a ciki, in shafa?

A'a. Ba a gwada shi don rana ba.

To, yaya zan yi da alwala?

Nan ne sai an yi haƙuri. Ƙa'ida ita ce a sake shafawa duk bayan awa biyu in ana cikin rana, da kuma bayan zufa ko wanke fuska. Alwala tana rage shi ko da ba ta cire shi duka ba. Ranar ta fi illa daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, don haka shafawar bayan azahar ta fi muhimmanci, musamman ga mai tafiya kasuwa ko gona. Wanda ke zaune a ofis nesa da taga yana iya sassautawa. Sai dai akwai nau'in da aka yi don jure ruwa na minti 40 ko 80. In ka zuba masa ruwa a bayan hannu za ka ga yana gangarewa ɗigo-ɗigo. Hukuncin alwala a kansa na malamai ne, a tambaye su. Ni dai shawarata: a wanke shi da sabulu mai sauƙi, a yi alwala, fuska ta bushe, a sake shafawa. Ya fi cin mai, na sani, shi ya sa malafa da lema suke taimaka wa aljihu.

Ɗana zabiya ne.

Don Allah, Hajiya, kada ki yi wasa. Kansar fata tana kama zabiya tun suna matasa. Kullum a shafa masa, har kunnuwa da ƙeya da bayan hannu, ga doguwar riga da hula mai faɗi. In bai kai wata 6 ba, inuwa da tufafi tukuna. Duk gyambon da ya ƙi warkewa kuwa, ki kai shi asibiti ba tare da jira ba.