Ciwon Marfan da Lafiyar Ido: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A cikin yaran da ke fama da rashin gani sosai akwai 'yan kaɗan waɗanda matsalarsu ta wuce ta tabarau. Za a ga yaro ya fi sa'o'insa tsawo, siriri, yatsunsa zara-zara, wani lokaci ƙirjinsa ya loɓa ko ya turo waje, kuma ba ya iya karatu sai ya kusa manna littafi a fuskarsa. Irin wannan yaro yana iya kasancewa da ciwon Marfan, wanda likitan yara ɗan Faransa, Antoine Marfan, ya fara bayyanawa a 1896.

Ciwo ne na gado da ke raunana zaruruwan da ke riƙe sassan jiki, yana kuma samun kusan mutum 1 cikin 5,000. Idan uwa ko uba na da shi, kowane ɗa yana tsakanin gada da tsira daidai wa daida, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu shi ba su gada daga kowa ba.

A cikin ido akwai wani ɗan madubi da siraran zaruruwa ke riƙe da shi a bayan ƙwayar ido. Idan suka saki, sai madubin ya goce daga mazauninsa, abin da ke faruwa ga kimanin 6 cikin 10 na masu ciwon, sau da yawa tun suna ƙanana. Yanar ido da hawan jinin ido ma kan zo musu da wuri. Mafi haɗari shi ne ɓallewar tantanin bayan ido: wanda ya fara ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo suna yawo, ko duhu kamar an saki labule ta gefe guda, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira gari ya waye.

Tabaran kasuwa ba ya maganin gocewar madubin, kuma yaron da aka bari yana gani dishi-dishi har ya girma, idonsa na iya kasa koyon gani ko da an gyara daga baya. Ana buƙatar likitan ido ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya duba da na'ura, aƙalla sau ɗaya a shekara, kamar yadda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A nisanta yaron da dambe da kokawa.

Idan likita ya ga madubin ya goce, a nemi hoton zuciya ba tare da jinkiri ba, domin ciwon yana kumbura babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya, har ta kan tsage. A kai iyayen yaron da 'yan'uwansa su ma a duba su.