Waiwaye: HMCS Sackville, jirgin rakiyar da lalacewar tukunya ta tsirar

Da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, Birtaniya ta rasa isassun jiragen da za su raka ayarin jiragen kaya a tekun Atlantika, ga kuma jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna yi musu kwanton ɓauna. Tun gab da ɓarkewar yaƙin aka ɗauko fasalin jirgin farautar kifin wale, aka ɗora masa igwa, aka sa wa jerin suna Flower. Ƙananan masana'antu ma suna iya ƙera shi, shi ya sa Kanada ta ƙera sama da 100. Cikinsu akwai Sackville, mai lamba K181, da aka ƙera a Saint John, ya fara aiki ranar 30 ga Disamba, 1941.

Tsawonsa mita 62 da rabi ne, injin tururi ɗaya, farfela ɗaya, tukunyar tururi biyu. Iyakar gudunsa kusan kilomita 30 a awa, wato jirgin Jamus da ya taso saman ruwa yana iya tsere masa. A gaba igwa ɗaya ce mai bakin inci 4, a baya kuma bama-baman da ake saitawa su fashe a wani zurfi. Zama a cikinsa kuwa azaba ce. Rufin gaba gajere ne, igiyar ruwa na kwarara har makwancin ma'aikata, kicin yana baya, sai an ratso fili da abinci, ya iso da sanyi.

Ranar da ya yi suna ita ce a farkon Agustan 1942, yana rakiyar ayarin ON 115 cikin hazo kusa da Newfoundland, ƙarƙashin kwamandansa Alan Easton. Cikin kwana ɗaya ya gamu da jiragen Jamus uku. Ya ragargaza U-43 da bama-bamai, ya kora U-704 ƙasa, ya harbi U-552 da igwa. Babu wanda ya nutse cikinsu, amma biyu sun koma gida gyara, kuma aikin mai rakiya ke nan: kaya su isa.

A Satumban 1943, a ayarin ONS 18 da ON 202, Jamusawa suka fito da tofido, wato makamin da ake harbawa a ƙarƙashin ruwa, mai bin ƙarar farfela, suka nutsar da jiragen rakiya uku, St. Croix, Polyanthus da Itchen. Wata fashewa kusa da Sackville ta jijjiga shi, ta taɓa tukunya ta ɗaya. A 1944 aka kai shi Galveston a Amurka aka tsawaita rufin gaban, amma tukunyar ta ci gaba da yoyo. Canza ta ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a lokacin sababbin jirage sun wadata, don haka aka cire ta gaba ɗaya, aka mai da gurbinta rumbun wayar da ake shimfiɗawa a ƙasan teku don gano jirgin da ke shigowa tasha a ɓoye.

Wannan gurbin ne ya raba shi da 'yan uwansa, waɗanda bayan yaƙi aka sayar ko aka yanka su a matsayin ƙarfe. A farkon shekarun 1950 aka mai da shi jirgin binciken teku, ya yi aiki har 1982. Daga nan aka mayar masa da kamanninsa na 1944, a 1985 kuma gwamnatin Kanada ta ayyana shi abin tunawa da sojojin ruwanta. Yana birnin Halifax na Kanada yanzu, shi kaɗai ya rage a jerin Flower.