Idon raga da bakin ƙugiya: abin da gogaggen masunci ke dubawa kafin ya shiga ruwa

Duk bakin ruwan da aikin wayar da kai ya kai ni, kuka ɗaya nake tararwa: kifi ya ja baya, wanda ake samu ma da ƙyar yake cika tafin hannu. In na tambayi me aka yi a kai, amsar ba ta canzawa. An sayo raga mai ƙaramin ido, an ƙara mata tsawo, an ƙara kwana a kan ruwa. 'Yan uwa masunta, wannan maganin shi ke ƙara ciwon. Na daɗe ina zama da waɗanda suka tsufa a sana'ar nan, kuma abin da ya bambanta su da sabon shiga shi ne tun a tudu suke yanke shawarar irin kifin da za su kama da wanda za su bari, ta hanyar kayan da suka ɗauka.

Na taɓa kallon wani dattijo yana duba sabuwar kalli da ɗansa ya kawo. Bai auna tsawonta ba, bai ja zaren ya ji ƙarfinsa ba. Ido ɗaya ya kama, ya miƙe shi, ya zura yatsu. Biyu suka shiga, na uku ya ƙi. Ya ninke ragar ya miƙa wa yaron, ya ce a mayar. Na ce, "Baba, me ya hana ta?" Sai ya ɗaga mini yatsun nan biyu, ya nuna faɗinsu, ya kwatanta da jikin karfasar da za ta maƙale a wannan idon. 'Yar ƙarama ce wadda ba ta taɓa yin ƙwai ba.

Abin da dattijon nan ya yi da yatsunsa shi ne ainihin yadda kalli ke aiki. Kifi yana zuwa ya tura kai cikin ido, ya kasa wucewa saboda kaurin jikinsa, ya kasa komawa saboda zaren ya riƙe shi a bayan kai, wurin da yake numfashi. Wanda ya fi idon ƙanƙanta zai wuce abinsa, wanda ya fi shi girma sosai yakan bugi ragar ya juya. Ke nan kowane ido yana da girman kifin da yake kamawa, kamar rariya. Ana auna shi ne a miƙe, daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa. Shi ya sa dokokin kamun kifi a ƙasashe da yawa suke farawa daga nan. A tafkin Biktoriya, wanda Uganda da Kenya da Tanzaniya suka yi tarayya a kansa, an taɓa kafa dokar hana kalli mai idon da bai kai inci 5 ba, wato milimita 127, aka kuma amince a lokacin cewa giwan ruwan da za a kama ya kasance tsakanin santimita 50 zuwa 85.

Ku lura da wannan iyaka ta sama, domin mutane da yawa ba sa gane dalilinta. Barin ƙaramin kifi ya girma kowa ya fahimta. Amma me ya sa za a saki babba? Saboda a giwan ruwa mata sun fi maza girma, manyan da kuke gani yawancinsu iyaye ne, kuma ƙwan da babbar uwa guda ke zubawa ya ninka na ƙananan mata da yawa. Wanda ya kwashe ƙanana ya cinye irin shuka, wanda ya kwashe manyan iyaye kuma ya sare itacen da ke ba da irin.

Akwai ragar da ba ta tace komai, ita ce gidan sauro. Idonsa 'yan milimita ne, ana jansa a bakin gaɓa, daidai inda 'ya'yan kifi ke fakewa cikin ciyawa. Ƙari a kan haka, maganin kashe sauro da aka jiƙa shi da shi guba ne mai ƙarfi ga kifi. Asara biyu ke nan a lokaci guda: an kwashe kifin baɗi, an kuma bar yara suna kwana ba kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Taru ma, in aka ja shi a ruwa mara zurfi lokacin hayayyafa, ɓarnarsa ba kaɗan ba ce. Namijin karfasa yana haƙa ɗan rami a ƙasan ruwa, macen ta zuba ƙwai, sannan ta kwashe su cikin bakinta ta riƙe har su ƙyanƙyashe. In kun taɓa ganin karfasa ta faɗo cikin jirgi tana zubar da ƙananan ƙwai masu ruwan ɗorawa daga baki, to ɗaruruwan kifi ne suka mutu tare da ita. Tarwaɗa kuwa tana bin sabon ruwa zuwa cikin ciyawar da ambaliya ta rufe don ta yi ƙwai, lokacin ne kuma ta fi sauƙin kamu. Gogaggen masunci ya san waɗannan makonni, kuma a cikinsu ne yake zama gyaran raga da liƙe jirgi.

Kada yawan abin da ake fitarwa yau ya ruɗe mu. A gaɓar Newfoundland ta ƙasar Kanada, manyan jirage masu na'urar gano kifi sun ci gaba da cika rumbunansu alhali kifin yana ƙarewa, domin na'urar tana kai su inda ragowar suka taru. A watan Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun babban kifinsu gaba ɗaya, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki. Kaya masu ƙarfi suna iya ɓoye ƙarewar kifi har sai an zo gargara.

Mu koma kan fatsa, domin nan ne ƙwarewar hannu ta fi fitowa. Ƙugiya ana zaɓenta da bakin kifi. Karfasa bakinta ƙarami ne, in ka ba ta babbar ƙugiya sai ta tsattsage tanar ta bar maka ƙarfe. Tarwaɗa da giwan ruwa bakinsu buɗaɗɗe ne, ƙaramar ƙugiya sai su haɗiye ta har ciki. Tsage mai haƙora yana yanke zare, shi ya sa ake sa masa ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zaren. Kafin a jefa, ƙwararre yana ɗora bakin ƙugiya a kan farcen babban yatsa ya ja a hankali. In ta kama farcen ta yi masa zane, tana da kaifi. In ta zame, sai a goga ta da ƙaramin magagari ko a canza. Kifi da yawa da ake cewa sun kuɓuce, dakusasshiyar ƙugiya ce ta sake su.

Akwai ƙugiyar da bakinta ya lanƙwasa ya juyo ciki kamar zai zama zobe. Ina so masu dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa su san ta. Ko kifi ya haɗiye ta, idan ya juya zai tafi, takan zamo daga ciki ta zo ta maƙale a gefen baki. Ba a fizgarta, ana barin zaren ya yi tauri da kansa. Amfaninta shi ne kifin yana daɗewa da rai a jikin zare, ba ya ruɓewa kafin a zo ɗauka, kuma in ƙarami ne ana iya cire shi a sake shi lafiya. Wajen sakin ma akwai ladabi: a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, domin yauƙin jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta, kada a sa yatsa wurin numfashinsa, kada a bar shi yana birgima cikin yashi. In ƙugiya ta shige can ciki, yanke zaren kusa da baki ya fi tona cikinsa.

Zaren nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935, shi ya sauya sana'ar su a duniya. Ba ya ruɓewa kamar auduga, kifi ba ya ganinsa sosai. Amma rana tana cinsa. Zaren da aka bari a fili wata da watanni zai yi fari-fari, ya yi gautsi, ya tsinke ranar da babban kifi ya zo. A riƙa bin ƙarshensa da yatsu biyu, in an ji kaushi inda ya gogi dutse a yanke a sake ɗauri. Ƙulli kuma shi ne wuri mafi rauni a duk tsawon zare. A jiƙa shi kafin a ja ya ƙulle, saboda gogayyar busasshen nailan tana haifar da zafin da ke raunana shi. Masu sandar fatsa mai kwarkwaron naɗe zare su saita birkinsa ya fara sakin zare tun jan kifi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren ba. Ta haka kifin ke gajiya, zaren bai tsinke ba.

Rashin ruɓewar nan ta nailan ita ce kuma matsalarsa. Ragar da ta tsinke ta nutse ba ta daina aiki. Tana kama kifi, ya mutu ya ruɓe, warinsa ya jawo wasu, su ma su maƙale, shekara da shekaru. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta amince da ƙa'idojin sa wa kayan su alama a 2018 saboda wannan. Kowa ya sa wa ragarsa shaida, ya nemo ta in ta ɓace, tsohuwar kuma a fito da ita tudu.

Sanin ruwa ya fi kaya, amma wannan ba a koyonsa a takarda, don haka zan taƙaita. Kifi yana son gefe: inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantacce, gindin itacen da ya faɗa ruwa, inda ƙasa ta gangara farat ɗaya. Ya fi cin abinci da sassafe da gab da faɗuwar rana. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, shi ya sa da tsakar rana kifi ke neman inuwa da zurfi. A gefen jikinsa akwai layi daga kai zuwa wutsiya da yake jin motsin ruwa da shi, don haka bugun filafili a jikin jirgi ya isa ya kore shi. Tarwaɗa da gashin bakinta take ɗanɗano, ba ta dogara da ido, shi ya sa dare da gurɓataccen ruwa ba sa hana ta, kuma abu mai wari ne ke jawo ta.

Zuba guba ko jefa nakiya a ruwa ba dabarar su ba ce. Maganin ƙwari irin su Gamalin, wanda sinadarinsa ya shiga jerin abubuwan da yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta hana a 2009, yana kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya zauna a naman kifin, ya shiga cikin wanda ya ci da wanda ya sha ruwan. Nakiya tana fasa jakar iskar da ke cikin kifi, da yawa su nutse su ruɓe a ƙasa ba wanda ya amfana. Duk wanda ya ga ana yi ya kai magana ga shugabannin masunta da hukuma.

Dalmar da muke nauyaya raga da fatsa da ita ma guba ce, kuma wannan yana damuna ƙwarai saboda yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi cutuwa. Na sha ganin ana fasa tsohon batir ana narka dalmarsa a tsakar gida, yara na zagaye da wutar suna shaƙar hayaƙin. Na ga masu matse ta a jikin zare da haƙori. A Ingila tun 1987 aka hana ƙananan dalmar fatsa, bayan an gano tana kashe tsuntsayen ruwa da ke haɗiye ta. Ƙarfe ko dutse ko gasasshen yumɓu suna yin aikin. Wanda ya zama dole ya yi amfani da dalma, ya matse da filaya, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci, ya ajiye ta inda yaro ba zai kai ba.

In ƙugiya ta shiga hannu har kunnenta, wato ɗan tsinin da ke juye baya kusa da bakinta, ya nutse, kada a fizge ta baya, kunnen zai yaga nama. In ta shiga ido ko kusa da shi, ko wuya, ko gaɓa, kada a taɓa ta: a yanke zaren, a tallafe ta da tsumma mai tsabta yadda ba za ta motsa ba, a tafi asibiti. Ko a ina ta shiga, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a je a tambayi allurar tetanus, musamman in an wuce shekara 5 rabon da a yi ta. Masu matse kunnen ƙugiya da filaya tun kafin su fara aiki sun huta da rabin wannan wahala. Fitsarin jini kuma alamar tsargiya ce, ana ɗaukarta daga ruwan da ke da katantanwa, tana da magani a asibiti, kada a zauna da ita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021. Iya ruwa ba ya ceton wanda raga ta naɗe wa ƙafa, ko wanda gefen jirgi ya buga wa kai. A sa rigar ceto a ɗaure ta tun daga gaɓa, a rataya ƙaramar wuƙa a jiki inda hannu ɗaya zai iya zaro ta, kada a naɗa igiyar birgi, wato ragar da ake jefawa, a wuyan hannu da ƙullin da ba ya kwancewa. In hadari ya haɗo aka fara walƙiya, a kwantar da doguwar sanda a nufi tudu, kuma kafin a fita a gaya wa na gida ɓangaren ruwan da aka nufa da lokacin da za a dawo.