In jami'a za ta rufe ɗakin gwajin sinadaran nukiliya, wa zai biya?

Wai ba kulle ƙofa kawai ake yi a tafi ba?

Ina! Ɗakin da aka yi shekaru ana aiki da sinadarai masu fitar da radiyeshan, burbushinsu yana maƙalewa a bututun wanke hannu, da na fitar da iska, har cikin tsagar daɓe. Sai an bi da na'urar awo lungu-lungu, a goga 'yar takarda a kan tebur a kai ta a auna, inda ya ƙi gogewa a ɓamɓare shi gaba ɗaya. A Amurka hukumar NRC mai sa ido kan harkokin nukiliya ba ta sallamar wuri sai in abin da ya rage ba zai ba mutum sama da milirem 25 (ma'aunin radiyeshan da jiki ya sha) a shekara ba.

To a bar sinadaran mana su huce da kansu?

Wasu kam suna hucewa. Fosforos-32 kwana 14 ƙarfinsa ya ragu da rabi, ajiya ta 'yan watanni ta ishe shi. Amma kabon-14 shekara 5,730 yake ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, wa zai zauna jiransa?

Kuɗin fa, daga ina?

Nan gizo ke saƙa, don tallafin bincike yana ƙarewa, farfesan ya yi ritaya, ɗaliban sun watse, sai a bar jami'a da shara mai tsadar kwashewa kuma ba wanda ya sa ta a kasafi. Shi ya sa a Amurka mai riƙe da sinadari da yawa wanda ke wuce kwana 120 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi dole ya nuna tanadin kuɗin tun da wuri, in kuma yana da tsarin kuɗin rufewa ya sabunta lissafin duk shekara 3. Jami'ar gwamnati an yarda ta ba da takardar alƙawari kawai, ni dai wannan bai kwanta min ba, alƙawari ba ya biyan ɗan kwangila.

In aka yi sakaci me zai faru?

A 2010 Jami'ar Delhi ta Indiya ta yi gwanjon wata tsohuwar na'ura mai kobal-60, wani sinadari mai fitar da radiyeshan, da ta daɗe a yashe. 'Yan gwangwan a kasuwar Mayapuri da ke Delhi suka farfasa ta da hannunsu ba su san me ke ciki ba, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka kwanta asibiti.