Sufacaja Ba Ƙarfin Kyauta Ba Ce

An daɗe ana cewa in ka ɗaura wa motar tsere sufacaja, shi ke nan, ƙarfi ya samu a ɓagas. Ba haka abin yake ba.

Sufacaja famfo ce mai cusa wa inji ƙarin iska domin ya ƙone ƙarin fetur. Da bel take juyawa, injin kansa ne ke jan bel ɗin, wato sai ta ci daga ƙarfinsa kafin ta ba shi. A nan ta bambanta da tabo (turbo), wata famfon cusa iskar, wadda hayaƙin salansa ke juyawa.

Ɗauki Toyota 86 da tagwaininta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012 da inji mai lita 2 da ƙarfin doki kusan 200. Matsin injinsu, wato yawan ninkin da yake matse iska kafin a ƙone fetur, 12.5 ne, mai yawa tun daga kamfani. Iskar da sufacaja ta matse zafi take ɗauka, kuma zafi bisa irin wannan matsi na sa fetur ya kama da wuta kafin lokacinsa, ya yi ta dukan fistan har ya fashe. Shi ya sa akan haɗa da na'urar sanyaya iska, a sake saita kwamfutar motar, a riƙa shan fetur mai inganci. Kulochi ma, bawan Allah, sau da yawa shi ke fara sallamawa saboda ƙarin ƙarfin.